Ƙaton da na ba maki tara

A shekarata ta biyu ina taimaka wa masu horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta wata ƙaramar jami'a a jihar Ohio, aikina bai wuce yanka bidiyo da jera shi ba. Wata rana kocin 'yan layin gaba ya miƙo mini sunan wani yaro ɗan sakandare, ya ce in kalli wasanninsa in rubuto ko zai yi mana amfani. Yaron gad ne. Ga wanda bai saba da wasan ba, mutum biyar ne ke durƙusawa a gaba, su kare mai jifa, su kuma buɗe wa mai gudu hanya. Na tsakiya shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, biyun da ke damansa da hagunsa su ne gad, na can gefe kuma takul. Gad ba ruwansa da ƙwallo, alƙalin wasa ma ba ya ambaton lambarsa sai in ya yi laifi.

Na fara da ɗan gajeren bidiyon da yaron ya haɗa na bajintarsa, kuma nan na yi kuskuren farko. Ƙato ne, ya haura kilo 140, in ya damƙi mutum sai ya kai shi ƙasa ya kwanta a kansa. Ni da na tashi ina kallon kokawa bayan girbi, abin ya tafi da ni. Na san darajar wanda ya riga cusa hannu a ƙirjin abokin karawa, ƙugunsa na ƙasa da na wancan. Na ba shi tara cikin goma, har da kwatanta shi da Quenton Nelson, wanda Indianapolis Colts ta ɗauka na shida a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2018, matsayin da ba kasafai gad ke samu ba.

Kocin, dattijo ne da ba ya son dogon zance, ya karanta ya ajiye. Ya ce, "Yaro, mu wane irin gudu muke yi?" Na ce, "Na yanki, Koci." Ya ce, "To nuna mini inda ya yi shi."

Babu. Makarantarsu tsarin ƙofa take bi: an riga an zaɓi ratar da mai gudu zai ratsa, 'yan layin ɓangaren su danne duk wanda ke ta cikinsu, gad ɗin ɗaya ɓangaren kuma ya zagayo ta bayansu ya share hanya. A nan ƙarfi ne sarki, don tsarin ya riga ya ba ka mutum a karkace, turawa kawai ya rage. Mu kuwa duka biyar ke takawa gefe guda lokaci ɗaya kamar an ɗaure su da igiya, kowa ya tare wanda ya shigo yankinsa, mai gudu ya duba inda ya tsage ya bi. Da irin wannan Alex Gibbs, kocin 'yan layin gaba, ya yi suna a ƙungiyar Denver Broncos ƙarƙashin babban koci Mike Shanahan, da 'yan layi marasa nauyi masu zafin nama. Sun ci Super Bowl, babban kofin ƙwararrun wasan, na kakar 1997 da ta 1998, Terrell Davis kuma ya yi gudun yadi 2,008 a 1998 a bayansu.

Na koma na nemo cikakkun wasanni uku, har da wanda aka lallasa su, na zaɓi hoton kyamarar da ke bayan fili, don ita ke nuna ƙafa da tazarar da ke tsakanin 'yan layi. Na daina bin ƙwallo da ido, wanda ya fi komai wuya. Kowane wasa sai na maimaita shi sau huɗu: ƙafa, ƙugu, hannu, sannan inda kansa ke kallo.

Takunsa na farko baya yake yi kafin ya yi gefe. Ɗan abu ne da bai kai ƙiftawar ido ba, amma a tsarinmu dole gad ya sha gaban wanda ya tsaya masa a kafaɗar waje, kuma wannan taku ɗaya shi ke raba wanda zai iso da wanda zai bi sawu. In ya tafi gefe sai ya miƙe tsaye, ƙarfin nan duk ya zube. In aka ce ya bar layi ya hau kan mai tsaron baya, yana isa a makare, ya rungumi iska. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne a wasannin nan uku ba a taɓa sa shi ya zagayo ba, kullum ɗaya gad ɗin ake sawa. Kocinsa ya daɗe da sanin abin da ni ban gani ba.

Wajen kare mai jifa kuwa, sai na yaba masa fiye da da. In aka zo masa da ƙarfi kai tsaye, ya kafa ƙafa ke nan, kamar turmi a ƙasa. Matsalarsa sai in masu tsaro biyu sun yi musanyar gurbi, nan yakan manne wa na farko, na biyu ya wuce ta gefensa. Wannan ana iya koyar da shi. Nauyin ƙafa ne ban ga alamar zai gyaru cikin shekara ɗaya ko biyu ba. Yawan ɗaga ƙarfen fam 225 da na cika rahoton farko da shi, irin wanda ake gwadawa a taron gwajin sabbin 'yan wasa da ake yi a Indianapolis duk shekara, na rage shi zuwa layi ɗaya.

Na sake rubutawa na kai. Kocin ya karanta har ƙarshe wannan karon, ya ɗauki biro ya soke makin da na sa, ya rubuta biyu a madadinsa: takwas ga mai tsarin ƙofa, biyar gare mu. Ya ce zai kira wani abokinsa da ke horarwa a wata jami'ar mai irin wancan tsarin ya ba shi sunan yaron. Sannan ya turo mini wata takardar. Wannan yaron kilo 125 ne, kuma takul yake bugawa a makarantarsu.