Daga Kasuwar Barci zuwa ƙanƙarar Uludag

Ranar da muka je yi wa Hajiya sallama a Unguwar Rimi, sai da ta sa Abbansu ya maimaita mata maganar tafiyarmu wasan ƙanƙara a Turkiyya sau biyu. Tana zaune gaban kaskon wuta, ta ƙudundune cikin mayafi saboda hunturun ƙarshen Disamba. Ta ce, "Wato kuɗi za ku kwasa ku kai wa mutane su sayar muku da sanyi? Ga shi nan kyauta a tsakar gida." Muka yi dariya, ta sa mana albarka, amma har muka fito tana girgiza kai.

Abbansu ya daɗe yana zuwa Santambul saro labule da kayan ɗaki, a can ya ji labarin dutsen Uludag da ke bayan birnin Bursa, inda mutane ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Su Turkawa "Uluda" suke cewa, ma'anarsa babban dutse, kuma ƙololuwarsa ta kai mita 2,543. Ni kuwa dutsen da na taɓa hawa a duniya shi ne Kufena, lokacin muna karatu a Zariya, shi ma sai da aka ja ni. Yara biyu muka tafi da su: Yaya mai shekara 13 da Auta mai shekara 7.

Tsoron sanyi ne ya cinye mini shiri gaba ɗaya. Na yi yini guda a Kasuwar Barci ina tona dilar gwanjo, ina zaɓen manyan rigunan sanyi masu kumburi, da suwaita, da huluna, da safar hannu ta ulu. Mai kayan ya dubi tulin da na tara ya ce, "Hajiya, Jos za ku ne?" Na ce gaba da Jos. Manyan rigunan nan kam sun biya kuɗinsu, ba su kunyata ni gaban na kowa ba. Sauran kayan ne suka ci amanata, zan zo kansu.

Jirgin ƙasa muka bi daga Rigasa zuwa Abuja, muka tashi zuwa Santambul, daga nan mota ta kai mu Bursa. A cikin gari muka kama masauki don ya fi sauƙin kuɗi. Abin da ya fara rikita ni shi ne lokaci. Agogonsu yana gaban namu da awa 2, kuma a farkon Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8. Ka idar da asuba wajen bakwai, ka leƙa taga, duhu ƙirin.

Ana hawa dutsen ko dai ta mota, ko ta wasu akwatunan gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, waɗanda suke kira teleferik. Kowane akwati na ɗaukar mutum 8, tafiyar kuma kusan kilomita 9 ce a sararin sama. Muna barin ƙasa gari yana nan jiƙe ba ƙanƙara ko ɗigo, can sai bishiyoyi suka fara furfura, kafin mu ankara duniya ta koma fari fat. Auta ta manna fuska a gilashi, ni kuma na riƙe ƙarfen kujera ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Da muka sauka a wajen otal-otal, kimanin mita 1,800 sama da teku, abin da yarinyar nan ta fara yi shi ne ta dumbuzi ƙanƙarar ta kai baki. Ba irin ta firiza ba ce, ba kuma irin wadda ke zubowa da ruwan bazara ba. Gari ce mai laushi, idan ka taka tana ƙara ƙurus-ƙurus kamar ka matse sitaci a leda.

Takalmin wasan shi kansa jarrabawa ne. Roba ce mai tauri da maɓallan ƙarfe, ta kama ƙafa tun daga yatsu har rabin ƙwauri, idon sawu ba ya motsi. Tafiya a ciki sai ka ce wanda aka yi wa ɗorin karaya a ƙafa biyu. Mai ba da haya ya tambayi tsawona, da lambar takalmina, da nauyina. Na buɗe baki zan zaftare kilo biyar kamar yadda muka saba, sai ya nuna mini dalilin tambayar: akwai wani maƙali a kan allon zamiyar da ke riƙe takalmi, da nauyin mutum ake saita shi don ya saki ƙafa idan an faɗi. Ka rage nauyi, ya riƙa sakinka ba dalili. Ka ƙara, ya ƙi saki, gwiwa ta murɗe. Nan na faɗi gaskiya, Abbansu na gefe yana murmushin mugunta. Allunan da aka ba ni gajeru ne, tsawonsu iya haɓata, wai su suka fi sauƙin juyawa ga ɗan koyo.

Kuskurena na farko a ƙafa yake. Safa biyu na saka, na kuma cusa bakin wandon ciki a takalmin. Kafin azahar duk inda yadi ya naɗe ya zana mini layi a ƙwauri kamar an ɗaure ni da igiya. Safa ɗaya doguwa ake sakawa, a ja ta ta miƙe, kada kome ya shiga takalmin sai ita.

Malama muka ɗauka ni da yara, awa biyu kowace safiya. Kuɗin ya ɗan yi ciwo, shi ya sa Abbansu ya ce a cire shi a lissafi. "Wanda ya shekara goma yana tuƙa babur a Kaduna ba sai an koya masa zamiya ba. Zan gani in kwaikwaya." Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Kafin ta koya mini kome, malamar ta kama dogon hijabina ta tura shi cikin riga ta ja zif har wuya. Turancinta kaɗan ne, nawa Turkancin babu, amma da hannu ta nuna mini yadda iska za ta iya naɗe shi a jikin injin da ke jan mutane sama. Washegari ƙaramin hijabi mai shiga wuya na sa, na ɗora hular kwano, rigar sanyin kuma ta sauko har cinya. Ba wanda ya kalle ni sau biyu a kan shigar, mata masu lulluɓi suna da yawa a wurin. Auta dai ta sha ɗaukar hoto da baƙin da ba mu sani ba.

Na zaci za a ce mana ga gangare, bisimilla. Ina! Awar farko da allo ɗaya a ƙafa ɗaya muka yi ta zagaye a fili kamar 'yan gada. Aka koma hawa tudu a kaikaice, taku ɗaya-ɗaya. Daga nan aka koya mana faɗuwa: a gefe, a kan cinya, ba a tokare ƙasa da hannu ba. Sai tashi, wanda ya fi kome wulaƙanci, domin dole ka jera allunan a gicciye da gangaren, in ba haka ba kana miƙewa su gudu da kai. Bayan duk wannan ne ta nuna mana abin da suke kira garmar ƙanƙara, wato ka haɗe kawunan allunan a gaba, ka buɗe ƙarshensu a baya, kamar lamba takwas ta Larabci. Iya buɗewarka iya raguwar gudu. Birkin ke nan, babu wani. Kalmar da na fi ji a bakinta ita ce "yawash, yawash", sannu-sannu.

Gangaren 'yan koyo bai kai na gadar Kawo ba, amma da na tsaya a samansa sai na ga kamar bakin rijiya. A nan na gane cewa a wannan wasa jikinka maƙaryaci ne. Da ƙafa ta fara sulalewa, zuciya za ta ce ja da baya, zauna. To da ka jingina baya, nauyi ya bar kawunan allunan, linzami ya kuɓuce, gudun ya ƙaru. Abin da ake so shi ne ka tura ƙwauri gaba har ya danni harshen takalmin, hannuwa a gaba kamar mai ɗauke da faranti, ka fuskanci abin da kake tsoro. Juyawa ma a birkice take: kana son yin dama, ƙafar hagu za ka danna. Ido kuma inda ya kalla can za ka. Na ƙura wa wata tsohuwa ido don kada in buge ta, sai ga ni a gindinta muna ba juna haƙuri da harsuna biyu.

Auta kuwa, wadda ko sandunan dogarawa ba a ba ta ba, kafin a tashi rana ta biyu tana bin malama a baya tana lanƙwasa kamar 'yar agwagwa. Faɗuwa ba ta dame ta ba, ƙasa kusa take da ita, kuma ba ta da girman da za ta tsare. Ta wuce ni ina zaune a ƙanƙara ta ce, "Umma, ki daina kallon ƙafarki."

Sanyin da na yi wa tanadi bai zo ta inda na tsare ba. Zufa ce ta kayar da ni. Wasan aiki ne, minti ashirin ka jiƙe, rigar audugar da ke jikin fata ta shanye gumin ta riƙe, kana tsayawa ta koma kamar tsumman da aka tsamo daga randa. Sai da muka sayi 'yan ciki na roba-roba masu saurin bushewa. Safar hannun ulu ma faɗuwa biyu ta jiƙe sharkaf, yatsu suka daskare, dole muka nemi mai hana ruwa. Ga rana: farar ƙanƙara tana maido da haske kamar madubi, ba tabarau ido ya yi ta hawaye, kuma baƙar fata ba ta hana hanci ƙonewa. Man kaɗanyar da na ƙullo ya ceci leɓunanmu. Wayata na ciro da caji fiye da rabi zan ɗauki Yaya, ta mutu a hannuna, ashe sanyi na kashe batir, a aljihun ciki ake ajiye ta kusa da ɗumin jiki.

Hanyoyin dutsen launi gare su gwargwadon tsananinsu: kore, shuɗi, ja, baƙi. Rana ta biyu da la'asar Abbansu ya ga ya sauka filin 'yan koyo sau uku bai faɗi ba, sai ya ja Yaya suka hau kujerar igiya zuwa shuɗiyar hanya. Kujerar nan ba ta tsayawa a sauke ka, kai ne za ka miƙe ka sulale. Tun a nan ya fara zubewa. Sauran labarin daga bakin Yaya na ji: "Abba ya yi ta salati yana gudu, ya kasa garma." Ya faɗi da sanda a hannu, igiyarta na naɗe a wuyan hannunsa, babban yatsa ya lanƙwashe baya. Likita ya ce jijiya ce ta ja, irin raunin da 'yan wannan wasa suka saba samu, aka ɗaure hannun. Da muka buɗe takardar inshorar tafiyarmu, sai ga shi a ƙananan rubutu cewa ba ruwansu da wasannin ƙanƙara. Abin da ya fita daga aljihunsa a ranar ya ninka kuɗin malamar da ya ƙi biya. Ban ce kome ba. Na dai tambaye shi ko hannun babur ɗin ne.

Rana ta uku iskar kudu da suke kira lodos ta taso, aka dakatar da teleferik. Wallahi daɗi na ji, don cinyoyina ko sujada da ƙyar. Muka yi salla a Ulu Jami, masallacin da aka kammala a 1399, mai ƙubba 20 da wurin alwala a tsakiyar cikinsa. Bursa ce babban birni na farko na Daular Usmaniyya ta Turkawa, tun da sarkinsu Orhan ya ci ta a 1326. Muka ci kebab ɗin Iskandar, yankakken nama a kan gurasa da miyar tumatir da narkakken man shanu da kindirmo, na zaro yajina daga jaka na gyara shi. Duk mai shirin irin wannan tafiya ya bar kwana ɗaya na hutu a tsakiya, kada ya jira iska ta ba shi. Da zan sake, kwana biyu zan yi a kan dutsen ko da tsada, domin layin hawa da sauka kullum da yara yana cin safiya.

Ranar ƙarshe malama ta hau da ni koriyar hanya mai ɗan tsawo. Na danna hagu na yi dama, na danna dama na yi hagu, ina jin allunan suna yankar ƙanƙara shuu, shuu, ba wata ƙara sai numfashina. Sau ɗaya na faɗi, na tashi da kaina. A ƙasa na tarar da Abbansu da hannu a rataye, yana kurɓar salep, wani abin sha mai kauri kamar kunun gyaɗa da ake barbaɗa wa kirfa, yana ɗaukata da wayar Yaya.

Wannan bidiyon muka kai wa Hajiya da tsarabar alawa. Ta sa tabarau ta kalla har ƙarshe, ta ce a mayar. Sannan ta dube ni.

"To idan an gangaro, ina ake zuwa?"

Na ce, "Sai a sake hawa, Hajiya."

Ta dubi hannun ɗanta, ta dubi Auta da ke sulu da safa a kan tayil tana nuna mata garma, ta jawo kaskonta kusa ta ce a rufe mata ƙofa iska na shigowa.