Masu kai mutane daji da ƙafa

Ofishina ɗaki guda ne a Yamai, sai katkat, wato motocin shiga daji, biyu tsofaffi, da direba, da ɗan yayana mai riƙe littafin kuɗi. Aikinmu kai mutane su ga namun daji suna tafe a ƙasa, ba ta gilashin mota ba. Wanda bai san sana'ar ba yana zaton dabba ce wuyarta. Ni dai tun da na fara, ɗan Adam ya fi ba ni ciwon kai.

Kure ce gonar da muka fi ci. Kilomita wajen 60 ce daga Yamai a kan hanyar Dosso, kuma can ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da aka tsare su suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maradi. Da damina suna kan tudu cikin geza da sabara, da rani su gangara Dallol Bosso wajen gawo. In ba ka san wannan ba, mai kawai za ka ƙone. Shi ya sa ba na shiga sai da ɗan rakiya na garin. Raƙumin dawa ba mafaɗaci ba ne, amma ba a nufarsa kai tsaye, ta gefe ake bi, sannu sannu, kuma ba a ratsa tsakanin uwa da ɗanta. Manoman wurin kuwa, da yake cinye musu wake, ba kallon da baƙo yake masa suke masa ba.

Ranar da ba na mantawa a gandun dajin da ake kira W ne, wajen Tapoa, kusan kilomita 150 daga gida. Mun sauka mota da asuba, mu shida da ma'aikacin gandun daji, za mu taka zuwa wani tafki. Sai ya tsaya a kan kashin giwa, ya tura bayan hannu ya ji ɗumi. Bai ce uffan ba. Ya ɗebo ƙura ya sake ta a hankali, ya ga inda iska ta kai ta. Giwa ba ta gani sosai, hanci da kunne ne makamanta, kuma iskar ranar daga bayanmu take zuwa. Kafin mu juya sai ga ta tsakanin itatuwa, kunnuwa a buɗe kamar faifai, hanci sama, ɗan ƙarami a gindinta.

Akwai wani Alhaji cikinmu, ɗan kasuwa, mutumin kirki, sai dai bai saba a ce masa tsaya ba. Ya ɗaga salula ya ƙara taku biyu. Na kama bayan rigarsa na ce, "Alhaji, don girman Allah, baya baya, kada ka ruga." Ya ce, "Malam, kuɗina na biya fa." Sai giwar ta yi wata ƙara da na ji ta har cikin hanjina, ta girgiza kai, ƙura ta tashi. Gargaɗi ne. Muka ja da baya muna fuskantarta har muka sha bayan wata kuka. A mota Alhaji ya kasa buɗe gorar ruwa don rawar hannu. Tun ranar, kafin kowa ya biya ko dala, sai na faɗa masa: a daji maganar ɗan rakiya ce gaba da ta mai kuɗi.

Azbin wata duniya ce. Hawan dutsen Bagzan da jakuna ake yi, su ke ɗaukar bidon ruwa da barguna, Buzaye na gaba. Ƙololuwar, Idukal-n-Tages, mita 2,022, babu inda ya fi ta tsawo a Nijar. Can dabba ba ta tsayawa a kalle ta. Rema za ka gani tana shan hantsi a kan dutse, wani lokaci jan biri. Ragon dutse sau biyu kacal na gan shi, yana tsaye a kan tsauni, launinsa ɗaya da dutsen. Abin tsoro a can ƙanana ne. Cikin sanyin Disamba kunama na neman ɗumi, don haka ba a sa takalmi da safe sai an kakkaɓe shi, ba a kuma cusa hannu a kogon dutse.

Sai 9 ga Agusta 2020, aka kashe Faransawa shida da direbansu da ɗan rakiyarsu a Kure. Kasuwar Turawa ta mutu a rana ɗaya. Gandun W ma rashin tsaro ya raba mu da shi. Na kusa sayar da mota ɗaya, na yi ta jigilar ƴan biki da ita don kada direba ya zauna haka nan.

Yanzu ƴan gida ne ke riƙe da mu: ɗalibai, ma'aikata da iyalansu, kuma ba ma fita sai mun ji ta bakin hukuma da mutanen garin. Ribar ba ta kai ta da ba, ciniki kuma sai an ja, jika ɗaya ma sai an yi gardama a kanta. Asabar mai zuwa muna da yara goma sha huɗu na wata makaranta, yawancinsu a takarda kawai suka san raƙumin dawa. Ɗan yayana ya ce, "Baba, bido nawa za a cika?" Na ce ya cika huɗu, ya kuma gaya wa malaminsu kowane yaro ya zo da takalmi rufaffe, ban da silifa.