Jiri a Kasuwar Bacci

Sati uku ke nan ina tsarin rage ƙiba, awa 16 ba ci sai ruwa. Jiya a Kasuwar Bacci na sunkuya duba atamfa, ina ɗagowa idona ya yi duhu, ƙafafuna suka saki. Mai shagon ya turo benci, "Hajiya, zauna, sannu." Agogon hannuna ya nuna bugun zuciya 48 a minti, alhali na lafiyayyen babba tsakanin 60 da 100 yake. Wallahi na tsorata.

Likita ta ce atenolol da nake sha don hawan jini dama yana rage bugun, ga rashin isasshen ruwa a wannan zafi. Ta hana ni daina maganin da kaina. Tsarin dai na ajiye shi sai ta ba ni izini.