Majanyin goyon ƙirji da na yanka da hannuna

Ina da tsohon ciki na fara neman abin da zan riƙa ɗaukar jaririyata a ƙirji, hannuwana biyu kuma su samu sukunin aiki. Da aka warware mini ɗaya daga cikin waɗanda ake sayarwa a kwali, masu suna da tambari, sai na ga ashe dogon ƙyalle ne kawai. Babu maɓalli, babu ƙarfe, ɗinkin ma na baki ne kaɗai. Kuɗinsa kuwa ya ninka na yadin nesa ba kusa ba. Nan take na ƙudura zan yi nawa, kuma na yi. Shi na goyi 'yata da shi tun tana jaririya har ta yi masa nauyi.

Yankan bai da wuya ko kaɗan. Inda aikin yake shi ne zaɓen yadi, don haka a nan zan daɗe.

Yadin da ya dace da sabon jariri shi ne na auduga mai miƙewa, irin wanda ake ɗinka singileti da shi. Idan kin je saye, kada ki tsaya ga launi. Kama shi da hannu biyu ki ja ta faɗinsa: ya kamata ya miƙe, kina saki ya koma yadda yake. Sannan ki ja ta tsawonsa. Nan ana so ya yi taurin kai, ya miƙe kaɗan kawai. Yadin da ke miƙewa sosai ta kowane ɓangare yana da daɗin taɓawa, amma nauyin jariri zai riƙa jan sa ƙasa, kina tafiya yaro yana zamewa daga ƙirji zuwa ciki. Ɗaga shi kuma ki duba a haske. In kina hango yatsunki sarai ta cikinsa, ya yi shara-shara, ba zai riƙe nauyi ba. In kuma ya yi kaurin rigar sanyi, ku biyun za ku sha zufa, domin ninki uku ne zai hau bayan jariri. Na guji mai sulɓi da mai leda-leda gaba ɗaya. Mai sulɓi ƙullinsa kwancewa yake yi, mai leda kuma ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta ratsa.

Na sayi mita 5, wato kusan yadi 5 da rabi. Irin wannan yadi yawanci faɗinsa santimita 150 ne, saboda haka idan aka tsaga shi gida uku ta tsawo, za a samu majanyi uku masu faɗin santimita 50 kowanne. Wannan shi ne sirrin arahar. Ɗaya yana jikina, ɗaya yana kan igiyar shanya, na ukun na ba wata ƙawata da ta haihu bayana. Mai ƙaramin jiki mita 4 da rabi za su ishe ta, mai jiki sosai ta ƙara zuwa 5 da rabi. Gara ya yi miki tsawo, domin rara ana zagayo da ita a ɗaure a gaba, wanda ya gaza kuwa ba shi da magani. Kada ki ce za ki haɗa guntaye biyu da ɗinki don tsawon ya cika. Tsakiyar majanyin ita ce daidai inda jariri ke zaune, kuma ɗinki a yadi mai miƙewa yakan tsinke ba tare da ya yi sallama ba. Falle ɗaya ake so daga wannan baki zuwa wancan.

Kafin almakashi ya taɓa shi, na wanke shi da sabulu marar ƙamshi na shanya. Auduga tana tsukewa a wankin farko, rini kuma yana zuba, ga shi jariri sai ya tsotsi duk abin da ya zo kusa da bakinsa. Da ya bushe na shimfiɗa shi a ƙasa, na auna da tef, na ja layi da alli, na bi layin a hankali. Almakashi yana wucewa bakin yadin yana nannaɗewa da kansa a bayansa, siriri, mai laushi. Yadi mai miƙewa ba ya zarewa, don haka ban kai shi keken ɗinki ba. Wannan nannaɗaɗɗen bakin ma ya fi kalmasa taushi a bayan gwiwar jariri. Na ɗan fiƙe ƙarshen biyu, wajen kamu biyu kowanne, don kada ƙulli ya yi tudu a bayana idan na zauna. Daga nan na ninka shi biyu na gano tsakiya, na ɗinka ɗan ƙyalle mai wani launi a wurin da allura da zare. Wannan 'yar alama tana da rana, musamman cikin dare, yaro yana tsala kuka kina lalube.

Ɗaurin kuwa, tun kafin haihuwa na riƙa gwada shi da 'yar tsana a gaban madubi har hannuna ya saba. Alamar tsakiya nake ɗorawa a kan cikina, sama da cibiya, in baza faɗin. In kai bakin biyu baya, in gicciya su, kowanne ya hauro ta kan kafaɗar da ke ɗaya gefen ya sauko gaba. A nan sai an kula kada ƙyallen ya murɗe, domin murɗaɗɗen ƙyalle cin kafaɗa yake yi, bazazzen kuwa raba nauyi yake yi a dukkan baya. Sai in cusa su biyun ta ƙarƙashin wanda ke kan ciki, in ja su ƙasa sosai, in sake gicciya su a ƙirji, in zagaya da su baya in yi ƙulli biyu. Duk wannan ana gama shi ne kafin a ɗauki yaro.

Sannan in ɗora jaririyar a kafaɗa, in zura ƙafarta ɗaya ta ƙarƙashin ƙyallen da ya fi kusa da jikina, in baza shi daga bayan wannan gwiwa zuwa bayan waccan. Haka ɗaya ƙafar da ɗaya ƙyallen. Na ƙarshe in jawo na kan ciki ya rufe bayanta har ƙeya. Zamanta ya zama irin na kwaɗo, gwiwoyi a buɗe, sun ɗara mazaunai tsawo. Likitocin ƙashi suna son wannan zama saboda kan ƙashin cinya yana zauna daram a cikin gurbinsa na ƙugu, saɓanin a bar ƙafafu suna reto a miƙe, nauyi duk yana kan tsakanin cinyoyi.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne tamkewa. Zuciyar uwa tana raya mata cewa ta sassauta kada ta matse jariri, alhali haɗarin yana cikin sako-sako. Idan ƙyalle ya yi sako-sako, jariri yakan lanƙwashe a ciki, haɓarsa ta faɗa kan ƙirjinsa, hanyar numfashi ta ƙuntata. Wuyansa bai yi ƙwarin da zai ɗago kai ba, kuma a wannan hali ba lalle ne ya iya kuka ba. A watan Maris na 2010 hukumar Amurka mai sa ido kan lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a ta yi gargaɗi a kan haka, bayan ta bi diddigin mutuwar jarirai aƙalla 14 cikin shekara 20 a cikin abin goyo irin na ƙyalle, 12 daga cikinsu ba su kai wata huɗu ba. Tun da na karanta wannan ban ƙara yi wa ɗauri kallon wasa ba. Kafin in sa ta, majanyin yana kama jikina kamar riga matsattsiya, har in ga kamar ba za ta shiga ba. Miƙewar yadin ce ke buɗe mata wuri.

Duk sanda na sa ta, akwai abubuwan da nake dubawa, har sun zama mini jiki. In sunkuyar da kai, leɓena ya taɓa tsakiyar kanta ba tare da na yi ƙoƙari ba. In bai kai ba, ta yi ƙasa da yawa. Fuskarta a buɗe, ina ganin hanci da baki da kallo ɗaya, ba sai na yaye ƙyalle ba. Yatsana ya shiga tsakanin haɓarta da ƙirjinta. In tallafe kanta in ɗan rusuna: idan jikinta ya rabu da nawa, sai in fitar da ita in sake ɗauri daga farko, ko da sauri nake yi. Idan ta yi barci nakan juya kuncinta ya kwanta a ƙirjina, in ja gefen ƙyallen kafaɗa ya tallafi bayan kanta kawai. A haka ina jin ɗumin numfashinta yana sauka a fatata, ɗaya bayan ɗaya, ina aikina hankalina kwance. Bayan shayarwa kuma, ko ta yi barci a kan nono, sai na mayar da ita tsaye, sama, yadda take da farko.

'Yar'uwa, idan jaririnki bakwaini ne, ko an haife shi da ƙarancin nauyi, ko yana fama da mura, ki fara nuna wa likita ko ungozoma kafin ki sa shi. Ɗora bakwaini da masu ƙarancin nauyi a ƙirji fata da fata magani ne sananne, tun 1978 aka fara shi a wani asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙarfafa shi, amma ma'aikatan lafiya ne ke koya wa uwa yadda za ta yi, domin su ne jariran da numfashinsu ya fi rauni.

Zafi ma abin lura ne. Majanyin kansa tufafi ne, ga ɗumin jikina, don haka riga ɗaya marar nauyi nake sa mata, ina taɓa ƙeyarta lokaci zuwa lokaci. In na ji ta jiƙe da gumi, na fitar da ita ta sha iska. Ba na kusantar wuta ko ɗaukar abu mai zafi tana gabana, ba na shiga mota ko hawa babur da ita a ciki, in zan ɗauki abu a ƙasa kuma gwiwa nake lanƙwasawa, hannu ɗaya yana bayanta.

Da ta kai wajen kilo 7 sai majanyin ya fara gazawa. In ɗaure tam, ba a jima ba ta sauko, bayana ya fara ciwo. Kuma yadi mai miƙewa ba na goyon baya ba ne, domin yaro mai wayo in ya banƙare zai iya tura kansa waje. Sai na koma saƙaƙƙen yadin auduga marar miƙewa, matsakaicin kauri, tsawon mita 4.6 da faɗin santimita 70. Shi kam yana zarewa, dole a kalmashe bakinsa duka huɗu a keke, ninki biyu. Bakin sama na ɗinke shi da jan zare, na ƙasa da fari, don in gane da kallo ɗaya idan ya murɗe a bayana. Ɗaurinsa ya bambanta da na farko: yaro yana jiki ake ɗaurawa, ana jan faɗin kashi-kashi, bakin sama, tsakiya, sannan bakin ƙasa, har ko'ina ya kama. Goyon baya da shi sai da ta iya zama da kanta, kuma a farko a kan gado nake yi, mahaifinta yana tsaye a bayana.

Duka biyun, bayan kowane wanki nakan ɗaga su a haske in bi su kamu-kamu ina neman huji ko inda zare ya sirance, musamman tsakiya da wajen ƙulli. Wanda ya huje ba na yi masa faci, nakan ajiye shi in ɗauko ɗan'uwansa.