Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Baƙin Gilashi da Ganyen Zinariya

Makon jiya mun tsaya inda maigidana ya yarda na fara riƙe buroshi, bayan na daɗe ina wankin gwangwanayen fenti da share atiliye, wato shagon aikinmu. Yau labarin baƙin gilashi ne. Yaran yanzu da suka taso suka iske na'ura na buga alluna a kan leda, da yawansu ba su taɓa sa shi a ido ba.

Ƙarshen 1993 ne. Tun bayan babban taron ƙasa na 1991 aiki ya buɗe ma masu rubutun allo a Yamai: jam'iyyu, jaridu masu zaman kansu, lauyoyi, likitoci masu buɗe nasu asibiti, kowa na son sunansa a bakin ƙofa. Mu dai abincinmu na kullum allon ƙarfe ne da fenti, sai rubutun bayan manyan motoci. Aikin zinariya kuwa sai jefi-jefi, kuma maigida ba ya barin kowa ya taɓa.

Wata ranar Laraba wani ɗan gwangwan daga kasuwar Katako ya turo amalanke har ƙofarmu, ɗauke da wasu baƙaƙen faifai a nannaɗe cikin tsofaffin buhuna. Ya ce daga wani tsohon kantin Turawa da ake rushewa wajen Terminus aka ɓamɓaro su. Maigida ya duba sama-sama, ya taɓe baki, ya ce wa zai sayi gilashin da ba a ganin komai ta cikinsa? Suka yi ta ja har mutumin ya sallama a kuɗin banza. Amalanke na shan kwana, maigida ya rufe ƙofa, ya ɗauko wani ɓallin da ya fashe a gefe, ya ɗaga shi saitin rana, ya kira ni.

"Zo nan, ɗan Ader. Me ka gani?"

"Baƙi ne, Baba."

"Duba bakinsa."

Can a gefen da ya yi siriri, baƙin ya koma wani ja mai duhu, kamar zoɓon da ba a sirka ba. Ya ce to wannan shi ne na gaskiya. Ba fenti aka shafa a bayansa ba, launin a cikin jikinsa yake, tun a tukunyar narki aka zuba masa sinadarai irin su manganis da tsatsar ƙarfe. A Abidjan ya san shi, a wajen wani tsohon mai rubutu a Treichville inda ya koyi sana'a, domin shi ma, kamar rabin samarin Tahoua, sai da ya yi zaman cirani a Kodebuwa.

Daga baya na karanta sauran tarihin. Masu Faransanci na ce masa marbrite, kuma masana'antar Fauquez ta Beljiyam ta yi suna da shi. A Ingila kamfanin Pilkington ya sayar da shi da sunan Vitrolite, a Amurka kuma akwai wanda ake kira Carrara. Kasuwarsa ta ci a shekarun 1920 da 1930, lokacin da ake lulluɓe gaban kantuna, gidajen sinima da bangon mahauta da shi, saboda ba ya shan maiƙo kuma tsumma da ruwa sun isa su goge shi. A Amurka an daɗe da daina yinsa. Ke nan abin da ya shigo hannunmu ragowa ce. Wanda ya fashe ya tafi, babu kantin da za ka je ka ce a yanko maka wani.

Aikin zinariya a kan gilashi iri biyu ne, kuma mutane na yawan haɗa su. Na farko a kan farin gilashi ake yi, ta baya. Ana narka jelatin kaɗan cikin ruwa mai tsabta, a jiƙa gilashin, a ɗora ganyen zinariya, idan ya bushe a goge da auduga, a zana haruffa a juye da fenti, a share zinariyar da fenti bai rufe ba, sannan a shafe bayan gaba ɗaya da baƙi. Faransawa sun laƙaba wa wannan aiki sunan Jean-Baptiste Glomy, wani mai yin firam a Paris da ya mutu a 1786. Yana da kyau, zinariyar na ƙyalli sosai kuma gilashi na kare ta. Amma a zafin Yamai fentin bayan kan ɗago, ya yi ta ɓarewa daga kusurwa, damina kuma ta ƙarasa shi.

Baƙin gilashi ba a yi masa ta baya, tunda ba a gani ta cikinsa. A fuskarsa ake sassaƙa. Mukan rufe shi da takarda mai gam rufi uku, a zana rubutu, a yanke haruffa da reza, sannan a harba yashi da iska har yashin ya ci ramin kowane harafi. Kwampiresa na wani mai fentin mota ne a maƙwabta, yashi kuma daga bakin gulbi nake ɗebowa ƙasan gadar Kennedy, in shanya, in tankaɗe. Da rawani kawai muke rufe hanci. Ƙurar yashin nan ita ke daskarar da huhu, kuma tarin da maigida ya yi fama da shi a ƙarshen rayuwarsa ban raba shi da ita ba. Duk yaron da ke wannan aiki yau ya nemi abin rufe fuska na ƙwarai.

Cikin ramin haruffa ake shafa miksiyon, wani gam na mai wanda ke ɗaukar awa 12 kafin ya nuna. Da magariba ake shafawa, bayan sallar asuba a ɗora zinariya, kafin iska ta tashi. Maigida kan gwada da bayan yatsa: in ya ɗan kama ya yi ƙara ba tare da ya ɓata fata ba, ya yi. In aka yi gaggawa, zinariya ta nutse cikin mai ta dushe. In aka makara, ta ƙi zama.

Ganyen kansa abin kallo ne. Ɗan littafi ne mai ganye 25, kowane ganye faɗinsa wajen santimita 8, yana kwance tsakanin siraran takardu. Sai ka tara ganye kusan dubu goma kafin su kai kaurin milimita 1. Ba a taɓa shi da hannu, narkewa yake a yatsa. Da wani faffaɗan buroshi na gashin kurege ake ɗaukarsa, bayan an ɗan shafa buroshin a kumatu ya ɗebi maiƙo. Ga mu cikin hunturu, ƙura ko'ina. Sai mu toshe tagogi da tsumma, mu yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka, kowa ya ja bakinsa. Atishawa ɗaya na iya tashi da kuɗin abincin gida na yini biyu. Abin da ke ba ni haushi har yau, a lokacin ma mutane na haƙar zinariya a Koma Bangou, ba nisa da mu, amma wanda zai buge ta ta zama ganye babu shi a ƙasar. Daga Faransa take zuwa, ta hannun wani ɗan kasuwa guda ɗaya.

Faifai mafi girma maigida ya ɓoye shi bayan kabad, yana jiran mai rabo. Mai rabon ya zo cikin watan Disamba, wani Alhaji mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, wanda ya gama gini a Yantala. Allon shago ya zo nema. Da ya ga wata ƴar plak, wato ƙaramin allon suna, da muka yi wa wani likita, baƙi wuluk da haruffa na walƙiya, sai ya yi tsit.

"Malam, wannan ai launin rigar Ka'aba ne. Ayatul Kursiyyu nake so, babba, a falona."

Kafin a yanka ciniki sai da ya tafi ya tambayi malaminsa ko ya halatta, tunda zinariya haram ce ga namiji. Ya dawo ya ce malam ya ce sanyawa a jiki da ci ko sha a ƙwaryarta ne aka hana ƙarara, shi dai ya guji alfahari. Maigida ya ce, "Alhaji, wannan sharaɗin ba a atiliyena ake cika shi ba." Aka yi dariya, aka tsayar da kuɗi, ya ajiye rabi kafin alƙalami.

Wani malami a Zongo ya rubuta ayar da hannunsa, irin rubutun allo na Warash, muka faɗaɗa a kan takarda. Ba mai zama kan aikin sai da alwala. Guntayen takardar da muka yanke, masu siffar haruffa, ba a zuba su a shara ba, a tulu muka tara aka ƙona. Hudar kusurwa huɗu maigida da kansa ya yi, da bututun jan ƙarfe da garin dutsen wasa da ruwa, a hankali, yana yi yana salati. Ya kuma gargaɗi Alhaji kada a kafa shi inda rana za ta bugi rabinsa ta bar rabi, domin baƙi na shan zafi, kuma bambancin zafin nan ke tsaga gilashi. A sa fata a bayan kowane ƙusa, kada a ɗaure tam.

Mun gama sassaƙa, mun shafa zinariya har zuwa "wa la ya'uduhu", littafin da ke hannunmu ya ƙare. A daren 11 ga Janairun 1994 muka ji a rediyo cewa shugabanni sun taru a Dakar an karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Washegari ɗan kasuwarmu bai buɗe kanti ba. Da ya buɗe, kuɗin littafin zinariya ya ninka har da ɗori.

Babban yaron atiliye ya kawo shawara: akwai ganyen bogi na tagulla, mai arha, a ido ba a bambance su, a ƙarasa layin ƙarshe da shi. Maigida ya ce a ido yau ne ba a bambancewa, damina ɗaya tagulla za ta yi duhu ta bar zinariya na haske, kuma a tsakiyar ayar Allah. Ya juyo wurina.

"Ɗan Ader, sa rigarka ta Juma'a. Ka je Babbar Kasuwa ka gaida Alhaji, ka ce ina neman ƙarin kuɗi."

"Baba, ni?"

"Kai. In ni na je, faɗa za mu yi."

Alhajin da na iske a shago ranar yana zaune kan dilar atamfa, shi ma kayansa na maƙale a tashar jirgin ruwan Kwatano, bashinsa ya ninka cikin dare ɗaya. Abin da ya faɗa mini, da yadda na dawo atiliye da atamfa turmi shida a ka maimakon kuɗi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.