Sifotlayit ɗin motata da ke ta cinye ƙwai, da yadda na shawo kansa

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Haɗeja da daddare ya san fitilar mota ta asali ba ta wadatarwa, ga ramuka ga amalanken shanu da ba ka ganinsu sai ka zo daf da su. Tsohuwar Hilux ɗin da na saya na same ta da sifotlayit, wato ƙarin fitilun haska nesa, guda biyu a kan bamba, da farko suna aiki lafiya lau, daga baya na dama ya fara rage haske yana yin ja-ja, in na faɗa rami sai ya ɗauke ya dawo, wata rana ya mutu gaba ɗaya.

Ƙwan da ke ciki H3 ne, ɗan ƙarami mai waya guda ɗaya a gindi da ɗan fatefaten ƙarfe a bakinta, negatif ɗinsa kuma ta jikin farantin gindin yake samu. Canza shi ba wuya, ka kwance sukurun da ke riƙe da gilashin, ka saki 'yar wayar sifirin da ta danne ƙwan, ka zare. Farantin yana da tsaga biyu, ɗaya zagayayya ɗaya mai kusurwa, don haka fuska ɗaya kawai yake zama, in ka ga yana rawa to bai zauna ba, kar ka danne da ƙarfi. Kuma don Allah kar ka taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu yana mannewa, in ya ɗau zafi wurin sai ya kumbura ƙwan ya mutu da wuri. Ni da takardar da ya zo a ciki nake riƙe shi.

Na sa sabo ya kama, ba a jima ba shi ma ya bi ɗan'uwansa. A nan na ce a'a, ƙwan ba shi da laifi, akwai abin da ke kashe shi, kuma wallahi mafi yawan masu zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano sayen ƙwai kusan kowane wata matsalarsu ke nan, ana ta canza ƙwai ciwon yana can cikin waya ba wanda ya duba.

Ranar wata Asabar na buɗe bonet na bi wayar tun daga batir. Abin da na gani ya ɗaga min hankali. Wanda ya yi aikin tun asali bai sa rile ba sam (ɗan makunnin lantarki da ƙaramar wuta ke kunnawa, shi kuma ya ɗauki babbar wutar), ya ja wata siririyar waya daga batir ta shiga cikin mota zuwa makunni ta sake fitowa zuwa fitilun, wato duk wutar ta cikin ɗan makunnin roba take wucewa. Fiyus ɗin kuwa ya daɗe da ƙonewa an naɗe ƙafafunsa da zaren jan ƙarfe. Da na ciro ƙwan hagu sai na ga 100W a rubuce, soket ɗinsa ya narke ya yi baƙi, yana warin ƙonanniyar roba.

Lissafin ba wuya. Ka raba wat da bolt ka samu amfiya. Ƙwan 55W a kan 12V yana jan wajen amfiya 4.6, biyu tara da ɗan kai, fiyus mai amfiya 15 shuɗin nan ya ishe su. Amma 100W guda biyu kusan amfiya 17 ne, siririyar waya ba za ta ɗauka ba, sai ta yi ta zafi, kuma tunda an toshe fiyus ba abin da zai yanke wutar in wayar ta goge ta taɓa bodi. Haka motoci ke kamawa da wuta a hanya a ce ba a san dalili ba.

Na dama kuma ciwonsa daban. Negatif ɗinsa an ɗaure shi ne a kan ƙusar da ke riƙe da fitilar a bamba, ƙusar ta yi tsatsa ga laka ta bushe a kai, sannan ta sassauta, shi ya sa fitilar ke kakkarwa a hanya, kuma girgiza ita ce babbar abokiyar gabar siririn zaren nan na cikin ƙwai in ya yi zafi. Yadda na tabbatar, na ɗauki guntuwar waya na haɗa daga negatif ɗin batir kai tsaye zuwa jikin fitilar, nan take hasken ya tashi fari tas. Cikin kwanon fitilar ma akwai alamar ruwa ya kwanta saboda robar bakin gilashin ta tsage.

Sai na cire komai na sake sabon wayarin. Waya mai kauri 2.5mm² daga fozitif ɗin batir, fiyus 15 kusa da batirin sosai, sannan ta shiga ƙafar rile mai lamba 30, ta fita ta 87 zuwa fitilun biyu. Ƙafa 85 da 86 su ne na kunna rilen, wuta kaɗan suke ja, su ne za su bi ta makunni. Negatif na kankare fenti da sanfefa a jikin shasi sai da ƙarfe ya fito fes, na ɗaure da washa mai haƙora na shafa giris a kai. Kowane haɗi na matse da kan waya na filaya, ban yarda da murɗa waya a naɗe da tef ba, zafin injin yana sa tef ɗin ya kwance. Na mayar da ƙwai 55W duka biyun, Osram.

Inda na ɗan daɗe shi ne wurin ɗauko wutar kunna rilen daga ful layit, don ina so sifot ɗin su riƙa mutuwa da kansu in na koma dim. Tsofaffin Toyota da yawa ta negatif suke kunna fitilar gaba, fozitif yana nan a soket kullum in fitila na kunne, makunnin sitiyari negatif yake bayarwa. In ka haɗa yadda ake yi wa sauran motoci, wato ƙafa ɗaya a wayar ful ɗaya a bodi, sai ka ga sifot ya kama a dim ya mutu a ful. Wani dattijon rewaya a unguwarmu ne ya ce min, yaro ɗauko fitilar gwaji ka nemo wayar da ke da wuta a dim da ful duka, ka sa 86 a kanta, 85 kuma a wayar ful. Haka na yi, ya zauna daidai, Allah ya saka wa Baba da alheri.

Wannan haɗin da ful layit ina ganin wajibi ne, ba ado ba ne. Mai sifot a makunni daban yakan manta bai kashe ba, ya kashe wa mai tahowa ido, mai mashin ko direban da ya ɗauko fasinjoji, ga hanya siririya. Ni kaina an sha yi min, na san yadda mutum ke rasa ganin gefen kwalta na 'yan daƙiƙu. Kuma in hazo ya yi kauri sosai kashe su ya fi, hasken dawo maka yake a ido, wannan aikin fitilar hazo ne da ke can ƙasa.

Na auna batir injin na tafiya na ga bolt 14.2, lafiya ke nan, don in altaneta na turo fiye da 14 da rabi shi ma yana cin ƙwai, ka duba wannan in duka biyun suna mutuwa tare. Da magariba na tsaya a fili na fuskanci katanga, na daidaita tsakiyar hasken ya sauka ƙasa kaɗan da tsayin fitilun, na ɗaure ƙusoshin tamau na sa sabuwar roba a bakin gilashin. Damina ta wuce a kansu, har yanzu ƙwan nan biyu ne a ciki.