Abin da ma'aunin farkawa ba ya gani

A ɗakin masu ciwon ƙwaƙwalwa, abu na farko da ake koya wa ma'aikaciyar jinya shi ne auna farkawar mutum da lamba. Ma'aunin Glasgow ake ce masa, likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a 1974. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, magana, da motsin jiki idan an umarci mara lafiya ko an ɗan matsa masa. A yadda ake aiki da shi yau, mai cikakken hayyaci 15 yake samu, wanda ya yi nisa cikin doguwar suma kuma 3. Amfaninsa ba kaɗan ba ne, da shi muke gane wanda jikinsa ke ƙara tsanani cikin dare har mu taso likita. Sai dai duk abin da yake aunawa na waje ne. Aiki a Legas ya koya mini cewa abin da jiki ke nunawa da abin da mutum ya sani a ransa suna iya raba hanya.

An taɓa kwantar mana da wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, amma idanunsa lafiya lau. In an ajiye masa kwanon shinkafa sai ya cinye rabin dama tas, ya ajiye cokali, rabin hagu yana nan kamar an ja layi da wuƙa.

"Baba, ga saura nan fa," in ji ɗansa.

"Wane saura kuma? Ai na cinye."

Na sa hannu na juya kwanon. Ya dubi shinkafar, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah. 'Yar nan, ƙaro mini kika yi?"

Ɗan ya tsorata, har ya soma zargin sammu. Na zaunar da shi na yi masa bayani: idon yana kai saƙo, hankali ne ba ya juyawa hagu. Mahaifinsa ba duhu yake gani a can ba, shi dai a wurinsa babu wani abin da ya rage.

To wannan saƙon da ido ya kai, ina ya tafi? A 1988 John Marshall da Peter Halligan, masu bincike a Oxford ta Ingila, sun nuna wa wata mata mai irin wannan lalura zanen gidaje biyu, ɗaya wuta na cin gefensa na hagu. Ta ce duk ɗaya ne. Da aka tambaye ta wanne za ta zauna a ciki, mafi yawan lokuta sai ta zaɓi wanda ba ya ci da wuta. Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki. A 2008 Beatrice de Gelder da abokan aikinta sun ba da rahoton wani mutum da cutar ta lalata masa cibiyar gani ta bayan ƙwaƙwalwa, hagu da dama. Ba ya ganin komai, amma ya bi wani dogon baranda da aka zuba wa tarkace yana kauce musu ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa, jijiyar ido ba hanya ɗaya take bi ba, akwai reshen da ke biyawa ta tsakiyar ƙwaƙwalwa, yana iya jan ragamar jiki ba tare da mai jikin ya sani ba. Ke nan gani daban, sanin cewa ka gani daban.

Ɗaya fuskar ita ta fi hana ni barci, wato mutum yana sane amma jikinsa ya yi shiru. A 2006 Adrian Owen ya ba da rahoton wata mata 'yar shekara 23 da aka sa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Cambridge, bayan haɗarin mota ya bar ta ba ta amsa komai. Aka ce ta raya a ranta tana buga wasan tanis. Wurin da ke shirya motsi a ƙwaƙwalwarta ya tashi aiki daidai da na masu lafiya. Ta ji, ta fahimta, ta bi umarni, alhali ko yatsa ba ta ɗaga ba.

A garin nan kuma akwai wani shingen da ba a cika lura da shi ba. Maki mafi girma na motsi ana ba wanda ya bi umarni ne. Direban tirela da ya ɗauko shanu daga Arewa, haɗari ya rutsa da shi a hanyar Ibadan, in aka ce masa ya matse hannu da Turanci ko Yarabanci, me zai yi? Na ga wanda aka rubuta ba ya bin umarni, na sunkuya na ce, "Malam, in kana jina, matse hannuna," ya damƙe ni har sai da na ji zafi. Shi ya sa duk Bahaushen da aka kawo daga Agege, Idi-Araba ko Alaba Rago, nakan roƙi a kira ni kafin a sa masa lamba.

Tambayar ta girmi asibiti. Ibnu Sina, likita kuma masanin falsafa da ya rasu a Hamadan a 1037, ya ce mu ƙaddara an halicci mutum farat ɗaya, cikakke, yana rataye a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Ba ya ji, ba ya gani. Shin zai san akwai shi? Ibnu Sina ya ce zai sani. Masana sun daɗe suna jayayya kan ko wannan hujja ta tsaya da ƙafarta, ni ma ban ɗauke ta yankan shakka ba. Amma in na tsaya a kan gadon wanda ƙofofinsa duk suka rufe, tana tuna mini cewa ni daga waje nake leƙe. Babu wanda ya taɓa shiga ran wani ya ga abin da ke ciki, alamu kawai muke bi.

Don haka kafin in juya mara lafiya nakan kira sunansa, in faɗa masa abin da zan yi, in gaya masa an kira sallar La'asar ko gari ya waye. Masu jinya in suka soma lissafin kuɗin magani, ko wani ya ce "ai wannan sai dai addu'a," nakan ja su waje mu ƙarasa a can.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta matar da za ta kama hannuna ta ce, "Anti, yana jina kuwa?" Ba na ce mata e, ba na ce mata a'a. Wani babban bincike da aka wallafa a 2024 ya gwada mutum 241 da ba sa amsa umarni a zahiri, aka sami 60 da ƙwaƙwalwarsu ke amsawa, kusan ɗaya cikin huɗu. A binciken nan dai, cikin mutum 112 da ke bin umarni ido na gani, 43 kaɗai na'ura ta iya kamawa, wato ita ma tana kuskure masu ji. A ɗakinmu ba mu da irin wannan gwaji. Abin da nake ce mata shi ne ta matso ta gefen kansa, ta yi masa magana da muryar da ya saba, ta ba shi labarin yara.